Darasi na Bakwai: Wakilan Sarkin Sifaniya da Waɗanda Suka Tuɓe Musu Rawani

A kudancin ƙasar Boliviya ta yau akwai wani jan dutse mai tsini wanda Sifaniyawa suka raɗa wa suna Cerro Rico, wato dutse mai arziki. A gindinsa garin Potosi yake, wuri mai tsananin sanyi, wajen mita 4,000 sama da teku. A 1545 aka gano cewa cikin dutsen nan maƙare yake da azurfa. Manyan mutane biyu sun zo wurin, da tazarar fiye da shekara 250 a tsakaninsu. A 1572 Francisco de Toledo, wakilin Sarkin Sifaniya a Peru, ya zo tsara yadda za a riƙa samun masu haƙa. Ranar 26 ga Oktoba 1825 kuma Simon Bolivar ya hau har ƙololuwar dutsen, ya kafa tutocin sababbin ƙasashe. Darasin nan zai bi abin da ya faru tsakanin zuwan na farko da na biyu, ya kuma duba abin da ya fi damun talakan da ke cikin rami: ko kayan da ke kansa ya ragu?

Mulki daga ƙetaren teku

Kolombos ya isa tsibiran Karibiyan a 1492. A 1521 daular Aztek ta Meksiko ta faɗa hannun Hernan Cortes, a 1533 kuma Francisco Pizarro ya kashe Atahualpa, Sarkin Inka na Peru. Cin ƙasa da yaƙi daban, riƙe ta daban. A duk tsawon shekara 300 na mulkin, babu Sarkin Sifaniya ko ɗaya da ya taka nahiyar Amurka, kuma takarda daga fada zuwa Lima takan shafe watanni a hanya. Saboda haka a 1524 aka kafa wata majalisa a Sifaniya mai rubuta dokokin yankin, aka kuma ƙirƙiro muƙamin virrey, wato wakilin sarki. Antonio de Mendoza ne na farko, ya isa Meksiko a 1535. Aka buɗe kujera ta biyu a Lima, daga baya aka ƙara ta Bogota da ta Buenos Aires, wadda ta zo a 1776.

Wakilin sarki kan shiga gari ne kamar sarkin da kansa, a yi kwanaki ana shagali. Ƙarƙashinsa akwai manyan kotuna da gwamnoni, sai jami'in gunduma da ake kira corregidor, wanda shi ne talaka ya fi sani. Can ƙasa kuma aka bar hakiman gargajiya na 'yan asalin ƙasa, waɗanda ake kira kuraka a Peru, su tara haraji, su kuma fitar da 'yan aikin tilas. Shugaban gari kuwa alcalde ake ce masa. Kalmar daga Larabci take, Sifaniyanci ya gaje ta tun zamanin Andalus, kuma tushenta ɗaya da kalmar alƙali ta Hausa.

Sarki bai saki jiki da wakilansa ba. An hana manyan jami'ai yin aure ko mallakar gona a inda suke mulki. Idan wa'adin mutum ya cika, ba ya kama hanya sai an yi shela cewa duk mai ƙara ya zo, alƙali ya bincika abin da ya aikata. A takarda tsari ne mai kyau. Amma nisa ya haifar da wata al'ada: idan umarnin da ba a so ya iso, sai jami'i ya sumbaci takardar, ya ɗora ta a kansa, ya ce ya yi biyayya amma ba zai zartar ba har sarki ya ji bayani. Wanda ya ƙi bin wannan hanya ya sha wuya. Blasco Nuñez Vela, wakilin sarki na farko a Peru, ya dage sai ya zartar da dokokin 1542 da suka rage ikon Turawa masu ƙasa a kan 'yan asalin ƙasa. Turawan suka yi masa tawaye, suka kashe shi a fagen fama a 1546.

Toledo, wanda ya riƙe Peru daga 1569 zuwa 1581, mutum ne mai tsari, kuma tsarin nasa ne ya fi cin rayuka. Ya yi shekara biyar yana rangadi, yana ƙidayar jama'a, yana tattara ƙauyuka a sababbin garuruwa don karɓar haraji ya zo da sauƙi. Ya ɗauko wata tsohuwar al'adar Inka ta aikin gayya mai suna mita, ya mai da ita aikin dole. Larduna 16 aka ɗora wa nauyi: kowace shekara ɗaya cikin bakwai na mazan da ke tsakanin shekara 18 da 50 zai tafi Potosi, kimanin mutum 13,500. Wasu sukan yi wata guda suna tafiya a ƙasa, da mata da 'ya'ya da guzuri. A cikin rami kyandir ne kaɗai haske. Mutum kan goya buhun duwatsu, ya hau tsanin igiyar fata, ya fito jiƙe da gumi cikin iskar da ke daskarar da ruwa. A waje kuma ana cakuɗa garin dutsen da zaiba don tace azurfa, zaibar tana shiga jiki tana kawo karkarwa da zubewar haƙora. Wanda ya ji labarin diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos daga bakin dattawa zai gane irin abin, sai dai na Potosi ya ɗauki kusan shekara 240.

Kashi ɗaya cikin biyar na azurfar rabon sarki ne. Da ita aka riƙa buga kuɗin Sifaniya mai suna real, wanda ya zaga duniya har Sin, kuma daga sunansa Larabawa suka samo riyal ɗin da alhazai ke canji a Makka.

Haraji ya yi yawa

A ƙarni na 18 yaƙe-yaƙe da Ingila suka talauta Sifaniya, sai aka waiwayo ƙasashen ƙetare. Jose de Galvez, wanda ya binciki Meksiko daga 1765 zuwa 1771 kafin ya zama ministan yankin gaba ɗaya a 1776, ya mai da cinikin taba na gwamnati ita kaɗai, ya tsaurara karɓar haraji, ya cika ofisoshi da haifaffun Sifaniya. A Peru an ɗaga harajin ciniki daga kashi 4 zuwa kashi 6 cikin 100, aka kafa gidajen kwastan a kan hanyoyin fatake. Ga kuma tsohon ciwo: jami'in gunduma yakan sayi muƙaminsa da kuɗi, ya fanshe ta hanyar tilasta wa talakawa karɓar kaya bashi, alfadarai da yadi da abubuwan da ba su da amfani da su, a farashin da ya ga dama.

Jose Gabriel Condorcanqui hakimi ne a kudancin Kusko, ɗan kasuwa mai alfadarai wajen 350, ya yi karatu, kuma yana danganta kansa da Tupac Amaru, Sarkin Inka na ƙarshe wanda Toledo ya sa aka fille wa kai a 1572. Ya bi hanyar shari'a tukuna, har Lima ya je yana roƙon a cire mutanensa daga aikin Potosi, ba a saurare shi ba. Ranar 4 ga Nuwamba 1780 ya ci abinci tare da jami'in gundumarsu, Antonio de Arriaga, a gidan wani limamin coci. Da Arriaga ya kama hanyar gida, sai aka tare shi aka ɗaure. Bayan kwana shida aka rataye shi a dandalin Tungasuca a gaban dubban jama'a. Hakimin ya ɗauki sunan Tupac Amaru, ya yi shelar soke aikin tilas da kayan bashi, ya kuma yi wa bayi shelar 'yanci.

Matarsa Micaela Bastidas ce ke riƙe da sha'anin abinci da makamai da wasiƙu, kuma ta yi ta matsa masa ya faɗa wa Kusko kafin a kawo ɗauki daga Lima. Ya yi jinkiri. Da ya zo a Janairu 1781 an riga an shirya masa, kuma cikin masu tare shi har da wasu hakimai 'yan uwansa. Ranar 18 ga Mayu 1781, a dandalin Kusko, aka kashe matarsa da babban ɗansa yana kallo, aka yanke masa harshe, aka ɗaura gaɓoɓinsa ga dawaki huɗu, da suka kasa raba shi aka sare kansa. Ana ƙiyasta cewa rikicin ya ci mutum kusan 100,000. An soke kayan bashi, an sauya jami'an gunduma da wasu irin jami'ai, amma abin da ya fi daɗewa shi ne tsoro. Masu dukiyar Lima sun ga abin da ke faruwa idan talaka ya tashi, kuma shekara 40 bayan haka ba su manta ba.

'Ya'yan gida da baƙi

Waɗannan masu dukiya su ne criollo, jikokin Sifaniyawa da aka haifa a nahiyar Amurka. Gonaki nasu, ma'adinai nasu, bayi nasu, amma manyan kujeru na waɗanda jirgi ya kawo ne. Cikin wakilan sarki kimanin 170 da aka yi, huɗu kaɗai aka haifa a nahiyar. Abin yana ci musu rai, amma suna haƙuri, don sun san sojan sarki ne ke tsakaninsu da talakawa.

Napoliyon na Faransa ne ya warware musu ƙullin. A 1808 ya tilasta wa Sarki Fernando na Bakwai sauka, ya ɗora nasa wan, Joseph, a gadon sarautar Sifaniya. Nan take tambaya ta taso: idan babu sarki, wakilin sarki wakilin wa ne? Manyan garuruwa suka fara kafa majalisun riƙon ƙwarya, da sunan suna tsare wa sarki amanarsa har ya dawo. A Karakas, ranar 19 ga Afrilu 1810, babban gwamna Vicente Emparan ya fito barandar bene ya tambayi taron jama'a ko suna son ya ci gaba da mulki. A bayansa wani limamin coci, Jose Cortes de Madariaga, yana yi wa mutane alama da hannu su ƙi. Suka ɗaga murya suka ƙi, gwamna ya ce to shi ma ba ya son mulkin, aka sa shi a jirgi. Ranar 25 ga Mayu aka tuɓe wakilin sarki a Buenos Aires, a watan Yuli kuma aka yi wa na Bogota haka.

Meksiko ta bi wata hanya. Asirin masu shirya tawaye a Queretaro ya tonu, kuma wadda ta aika musu gargaɗi ita ce Josefa Ortiz, matar jami'in gundumar da kansa. Da asubar 16 ga Satumba 1810 Miguel Hidalgo, limamin cocin ƙaramin garin Dolores, mutumin da ke koya wa talakawa ginin tukwane da jima, ya sa aka kaɗa ƙararrawa, ya kira jama'a su tashi. Suka biyo shi da adduna da majajjawa. A Guanajuato gwamnan lardi Juan Antonio Riaño, wanda suka san juna da Hidalgo, ya tattara Turawa da dukiyarsu cikin wani katafaren rumbun hatsi na dutse. Ranar 28 ga Satumba harsashi ya kashe Riaño a bakin ƙofa, aka ƙone ƙofar, aka karkashe na ciki. Masu dukiyar Meksiko suka ga abin da na Lima suka gani, suka koma bayan wakilin sarki. Hidalgo ya yi shelar soke bauta a Disamba, aka ci shi da yaƙi a Janairu, aka harbe shi ranar 30 ga Yuli 1811. Kansa ya yi shekara 10 a rataye cikin keji a kusurwar rumbun nan.

Wanda ya kawo 'yancin Meksiko a ƙarshe, Agustin de Iturbide, hafsan sarki ne da ya yi shekaru yana farautar 'yan tawaye. A 1821 ya haɗa kai da jagoran 'yan tawaye Vicente Guerrero, ya yi wa coci da masu dukiya alkawarin ba za a taɓa su ba, Juan O'Donoju da Sifaniya ta aiko ya sa hannu a yarjejeniya a watan Agusta. Iturbide ya naɗa kansa sarki a 1822, aka harbe shi a 1824.

Bolivar da San Martin

An haifi Simon Bolivar a Karakas a 1783, a ɗaya daga cikin gidajen da suka fi arziki a Benezuwela, kuma baiwa mai suna Hipolita ce ta shayar da shi. Sau biyu jamhuriyar Benezuwela tana rushewa. A karo na biyu, a 1814, makiyaya mahaya dawaki na filayen Orinoko ne suka rusa ta, talakawa baƙaƙe da masu gaurayen jini waɗanda suka fi ƙin masu gonakin Karakas a kan sarkin da ba su taɓa gani ba. Bolivar ya yi gudun hijira zuwa Jamaika, daga nan ya wuce Haiti, ƙasar da bayi suka ƙwaci kansu daga Faransa. Shugaba Alexandre Petion ya ba shi bindigogi da albarushi da injin buga takardu, bisa sharaɗi ɗaya: ya 'yanta bayi. A Yuni 1816 Bolivar ya yi shelar 'yanci ga bayin da suka shiga soja. Daga nan ne yaƙinsa ya sami ƙafafu, domin mahayan nan ma sun dawo ɓangarensa ƙarƙashin Jose Antonio Paez.

A damunar 1819 ya ratsa filayen da ruwa ya malale, ya hau tsaunukan Andes ta hanyar Pisba da mutanen da suka saba da zafi, da yawansu ba su da takalmi. Sanyi ya kashe mutane da dawaki. Waɗanda suka tsira suka ci nasara a Boyaca ranar 7 ga Agusta, wakilin sarki Juan de Samano ya ranta a na kare daga Bogota, ya bar kuɗi a baitulmali.

Daga kudu kuma Jose de San Martin ke tahowa, mutumin da ya yi fiye da shekara 20 a sojan Sifaniya kafin ya koma Ajantina a 1812. Ya yi shekara biyu a garin Mendoza yana tanadin albarushi da busasshen nama da alfadarai, ya tsallaka Andes a Janairu 1817 da mutum kusan 5,000, cikinsu har da bayi masu yawa da aka 'yanta don su yi yaƙi. Abokin tafiyarsa Bernardo O'Higgins, wanda ya zama shugaban Chile, ɗa ne ga Ambrosio O'Higgins, wakilin sarki a Peru daga 1796 zuwa 1801. Uban bai rene shi ba, kuma ɗan bai ɗauki sunansa ba sai bayan rasuwarsa. San Martin ya yi shelar 'yancin Peru a Lima ranar 28 ga Yuli 1821, ya gana da Bolivar a Guayaquil a Yuli 1822, su biyu kaɗai a ɗaki, sannan ya ajiye mulki ya tafi Turai, inda ya rasu a Faransa a 1850.

An yi karon ƙarshe a Ayacucho ranar 9 ga Disamba 1824. Antonio Jose de Sucre, hafsan Bolivar ɗan shekara 29, da soja ƙasa da 6,000, ya karya rundunar wakilin sarki Jose de la Serna mai fiye da 9,000, aka kama La Serna da rauni. Mafi yawan sojojin sarki a ranar haifaffun Peru ne. Da yawa cikin hafsoshin da suka yi nasara ma a sojan sarki suka fara: Jose de la Mar da Agustin Gamarra, waɗanda suka shugabanci Peru, da Andres de Santa Cruz, wanda ya shugabanci Boliviya. Kyuba kuwa, inda masu gonakin rake ke tsoron kada abin da ya faru a Haiti ya same su, ta zauna hannun Sifaniya har 1898.

Bayan an sauke tuta

Su kansu jagororin ba su ci moriyar abin da suka shuka ba. An yi wa Sucre kwanton ɓauna aka kashe shi a Yuni 1830. Babbar Kolombiya da Bolivar ya haɗa ta tsage gida uku, shi kuma ya rasu ranar 17 ga Disamba 1830 kusa da Santa Marta, yana da shekara 47, a gidan gonar wani ɗan kasuwa haifaffen Sifaniya. Guerrero, wanda ya soke bauta a Meksiko a 1829, an harbe shi a 1831.

Talakan Potosi fa? Aikin tilas na rami ya tafi; majalisar Sifaniya da ta zauna a Cadiz ta soke shi a 1812, Bolivar ya sake jaddada haka a 1825. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyukan da suka yi ƙarni biyu suna rakiyar 'ya'yansu da kuka. Haraji ne ya ƙi tafiya. San Martin ya soke harajin da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa a Agusta 1821, ya ce daga yau a kira su 'yan Peru kamar kowa. A 1826, da baitulmali ya bushe, aka maido da shi da sabon suna. A Boliviya ma Sucre ya gwada harajin da zai hau kan kowa, masu dukiya suka ƙi, aka koma kan manoman tsaunuka, kuma kuɗinsu ne ya riƙe gwamnati shekaru da dama.

Alkawarin da aka yi wa Petion ma ya daɗe bai cika ba. Dokar Babbar Kolombiya ta 1821 ta 'yanta jariran da bayi za su haifa ne kawai, su ma sai sun yi wa ubangidan uwarsu aiki har shekara 18. Kolombiya ta soke bauta gaba ɗaya daga farkon 1852, Benezuwela a 1854. A Peru, Ramon Castilla, shi ma tsohon sojan sarki, ya soke harajin 'yan asalin ƙasa a Yuli 1854, ya soke bauta a Disamba, lokacin da kuɗin kashin tsuntsayen teku da ake sayar wa Turai a matsayin taki ya cika baitulmali. Gwamnati ta biya diyyar peso 300 a kan kowane bawa, kuma iyayen gijin bayin ne suka karɓa.